Rawayar da Baba Ya Haƙo

Mijina, Malam Iliya, bai iya cewa a'a ba. Ko akuya ce ta leƙo zaure yana cin abinci, sai ya ce mata bismillah. Tun muna sabon aure nake yi masa tsiya a kan wannan hali, shi kuma ya yi dariya ya ce ai ni na kwashe rabonsa na faɗa, shi ya sa bai samu ko kaɗan ba. Ban taɓa zaton wannan halin da nake tsokanarsa da shi ne zan wayi gari ina kokawa da shi a bakin gadon asibiti ba. Ina rubuta wannan ne saboda masu zuwa dubiya da gorar magani a hannu. Na san da zuciya ɗaya kuke zuwa, amma ku ɗan tsaya ku ji abin da ya same mu.

Muna zaune a wani ƙauye da ke kan hanyar Funtua zuwa Dandume. Malam yana noma masara da dawa da 'yar auduga. A kakar da abin ya faru kowa cikin gaggawa yake, babu mai son amfaninsa ya daɗe a gona, ga labarin ɓarayin daji ta ko'ina. Yana cikin ɗaukar dami ya taka tushiyar dawa, irin wadda aka sare a karkace ta yi tsini. Ta huda takalmin robarsa ta shige tafin ƙafa. Ya zare ta da hannunsa, mai babur ɗin da ke yi masa jigila ya tsiyaya masa man birki a kai, ya ɗaure da tsumma ya koma bakin aiki. Da ya dawo gida yana ɗingishi na ce mu je a duba.

Ya ce, "Hajara, bari mu kwashe audugar nan tukuna."

Makon farko ɗingishin ne kawai. Ya biya wajen mai kyamis aka ba shi kafso, wasu ya sha, wasu ya fasa ya barbaɗa garin a kan ciwon. A mako na biyu ƙafar ta kumbura har ƙauri, ta yi sheƙi, kuma in aka kwance tsumman sai wari ya cika ɗaki. Sai rawar ɗari da rana tsaka. Na tara masa duk bargunan gidan yana kaɗuwa a ƙarƙashinsu, haƙoransa suna haɗuwa. Muka ce zazzaɓin sauro ne, muka sayo maganinsa. Ranar da hankalina ya tashi, ya idar da azahar a zaune, ya shafa addu'a, sai ya juyo ya ce in kawo masa ruwan alwala kada azahar ta wuce shi. Numfashinsa yana fita sama-sama kamar wanda ya yi gudu. Na aika aka kira ƙanensa Lawal, muka ciccibe shi muka sa a keke mai ƙafa uku, sai Funtua.

Wanda bai taɓa jinya ba bai san layi ba. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin ɗibar jini daban, sannan a rubuto maka magani a ce babu, ka fita waje ka nemo. Babu gado a ranar, a kan benci aka fara ƙara masa ruwa, ina riƙe da kansa Lawal yana riƙe da ledar. Amma ba zan manta da wata nas ba, babbar mace mai faɗa, wadda ta yi ta neman jijiya a hannunsa ba ta samu ba, ta durƙusa a ƙasa da fararen kayanta har sai da ta samu. Ita ce kuma ta yi ta zarya har aka sama mana gado a ɗakin maza. Allah ya saka mata da alheri, ko da yake ta zazzage ni tas a kan man birki.

Likitan wani siriri ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya duba ƙafar, ya duba takardar gwaji, ya dube ni.

Ya ce, "Me ya sa sai yanzu?"

 Ya ce ciwon ya bar ƙafa ya shiga jini, jinin kuma yana zagawa da shi ko'ina a jiki. Ya ce su sefsis suke kiransa. Ban taɓa jin kalmar ba, na tafi sayen magani ina ta maimaita ta a baki don kada ta ɓace mini, kamar in na riƙe sunan ciwon na riƙe ciwon. Aka tsaga ƙafar aka wanke, aka ɗora shi a kan allurai masu ƙarfi da ake zubawa ta jijiya. Buhunan masarar da muka ci burinsu, Lawal ya riƙa kai su kasuwa ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da farashi yake ƙasa warwas.

Da farko kamar abin zai yi sauƙi. Zazzaɓin ya lafa, ya gane ni, ya sha kunu, har ya tambayi ko an ba shanu ruwa. Sai wata safiya ina goge masa fuska na ga farin idonsa ya juya ya koma ruwan ɗorawa. Na ce ko hasken taga ne, na juya kansa ɗaya gefen. Ba haske ba ne. Fitsarinsa kuma ya koma kalar baƙin shayi. Wani dattijo da ke jinyar ɗansa a gadon kusa da mu ya leƙo ya ce, "Subhanallahi, ai shawara ce!" Kafin azahar labari ya kai ƙauyenmu ta waya.

Likita ya yi mini bayani a tsaye. Ya ce wannan ba sabon ciwo ba ne, wancan ɗin ne dai ya taɓa hanta, kuma in aka ci ƙarfin ciwon jinin ana fatan hantar ta farfaɗo. Na gane, ko kuma na ɗauka na gane. Amma a wajenmu shawara ba ciwon asibiti ba ce. Mai shawara ba ya cin mai, ba ya cin nama, uwa uba ba a yi masa allura. Kowa ya tashi da wannan a kunnensa, kuma kowa yana da labarin wani da allura ta kashe.

Inna, mahaifiyar Malam, ita ta fara zuwa. Tana shigowa idonta ya sauka a kan hannunsa.

Ta ce, "Lawal, mi ne ne wannan a hannun ɗan'uwanka?"

"Ruwa ne Inna, ƙarin ruwa ake yi mashi."

"Ta ina ruwan ke shiga in ba ta allura ba? Ni za ku yi wa wayo? Ku cire mashi. Ɗan gidan liman allura ɗaya aka yi mashi, ko gida ba a kawo shi da rai ba."

Na ce, "Inna, likita ya ce in aka cire, ciwon da ke jininsa zai ci ƙarfinsa."

Ta ce, "Likitan ne ya haife shi?"

Malam ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Inna, za a cire, ki kwantar da hankalinki." Tana fita ya kama bakin mayafina ya ce, "Kada a cire." Na ce, "Malam, to wanne za mu ɗauka?" Ya ce, "Duka biyun." Da ba don halin da muke ciki ba da na yi dariya. Daga ranar, in muka ji Inna na hanya, sai nas ɗin nan ta zare igiyar ruwan na ɗan lokaci tana mita, mu kuma mu rufe hannun da zane.

Allura mun iya ɓoye ta. Goruna ne suka fi ƙarfinmu. Kawunsa ya zo da jiƙon ɓawon maɗaci. Abokin nomansa ya kawo ganyen gwanda da aka dafa da kanwa. Wata gwaggo ta aiko da sabara da marke. Wani maƙwabcinmu ya sayo wata baƙar gora a tasha wajen masu talla da lasifika, wadda aka ce tana maganin shawara da basir da sanyin ƙashi duk a haɗe. Kowa ya biya kuɗin mota ya zo, kuma babu mai tafiya sai ya ga an sha a gabansa. Ni a lokacin yawanci ina kan layi, ko wajen gwaji ko wajen magani. Malam kuwa zai karɓa da hannu biyu, ya runtse ido ya shanye, ya sa wa mutum albarka, a tura sauran ƙarƙashin gado. In na dawo na ji warin wani sabon abu a bakinsa na yi magana, sai ya ce, "Mutum ya taso tun daga gida saboda ni, in ce mashi mi?"

Sai babana ya zo.

Baba yana zaune a wani ƙauye kusa da Dayi. Kakana Bamaguje ne, har ya rasu yana kan addinin iyayensa, kuma duk yankin an san gidanmu da maganin shawara. Baba ya musulunta tun yana saurayi, amma ya riƙe sanin itatuwan ubansa. Saiwar rawaya yake haƙowa, ya shanya, ya daka, ya jiƙa da wasu abubuwan da bai taɓa gaya mana ba. Ba ya karɓar komai sai goro. Na tashi ina ganin ana kawo mutane ido ya rine da shawara, su koma gida fes. Ni kaina na sha ina yarinya, na warke. Kuma yana da wata ƙa'ida da ya gada: ba ya miƙa wa kowa magani sai ya fara kurɓa a gabansa. Wannan kurɓin rantsuwa ce, yana nufin in da cuta a ciki ta fara da shi.

Tsakanin Malam da Baba kuwa kunya ce irin ta da. Bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Ranar da Baba ya tsiyaya ruwan rawayarsa a kofi, ya kurɓa, ya miƙa, Malam ya shanye har ɗigon ƙarshe. Ina tsaye ina kallo, kuma wallahi daɗi na ji. A raina na ce yau magani ya zo.

A makon da ya biyo baya idon ya ƙara rinewa, har tafin hannunsa ya juya. Ya fara amai, duk abin da ya shiga sai ya dawo. Ƙaiƙayi ya hana shi sakat, ya yi ta susa har fata ta ɗaɗɗaye. In na goge masa baki sai in ga jini a dasashi. Cikinsa ya ɗaga. Wata safiya likita yana duba shi, ƙafar likitan ta bugi wata gora ta gangaro tsakiyar ɗaki. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin gadon, ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe bai ce komai a gaban mutane ba, ya yafito ni muka fita baranda.

Ya ce, "Duk waɗannan yana sha?"

Na ce yana sha. Kafin ya ƙara magana na riga shi, don abin ya daɗe yana cina. Na ce, "Likita, don Allah babu wani abu na itace da ke kare hanta? Babana da rawaya yake warkar da mutane, ni shaida ce."

Ya ce, "Ban ƙaryata babanki ba. Shawara iri-iri ce, wata ma da kanta take tafiya. Kuma akwai masu bincike da ke ciro sinadarai daga tsirrai, har da irin rawayar nan, suna gwadawa a kan ɓeraye su ga ko za su kare hanta. Wasu sun nuna alamar alheri. Amma su abu ɗaya suke cirowa, su tace shi, su auna. Ba a kai ga ba majinyaci irin mijinki ba tukuna. Ke kuma kin ga abin da ke ƙarƙashin gadon can. Ban san me ke ciki ba, ke ba ki sani ba, wasu daga masu kawowar ma ba su sani ba."

Na ce, "To wacce ce ta yi masa illa?"

"Ba zan iya gaya miki ba. Wataƙila ciwon ne shi kaɗai, wataƙila sun taya shi. Abin da na sani, hantarsa yanzu kamar jaki ce da ya durƙushe da kaya. Duk abin da ya sha, ko mai kyau ne, ita zai hau. Daga yau ko kurɓi ɗaya kada ya ƙara."

Ko kurɓi ɗaya. Wannan maganar ta zauna mini a kai daram. Na kwashe gorunan nan a zani na kai bayan ɗaki na tuttular a kwata, har da ragowar ta Baba. Na ce wa Lawal daga yau layi nasa ne, ni ba na ɗagawa daga bakin gadon nan. Duk wanda ya shigo da gora sai in tare shi da gaisuwa, in karɓa in ce an gode, yanzu ya sha wani, sai an jima. Masu hankali suka gane suka yi shiru. Wasu suka fita suna cewa matar Iliya ta zama nas, ta fi kowa sani. Kawunsa ya ce a gabana ba a taɓa raina shi irin na ranar ba.

Malam ya ce, "Hajara, kina kore mani mutane."

Na ce, "In ka warke ka bi su gida-gida ka ba su haƙuri, ai ka iya wannan."

Ya yi ɗan murmushi. Aman ya ɗan tsaya, ya riƙe kunu, na fara ƙyalla ido ina neman fari a cikin idonsa kowace safiya. Wani lokaci in ga kamar ya ragu, in kira nas ta duba, ta ce in bar yaudarar kaina in je in ci abinci. Ban taɓa roƙon Allah irin na waɗannan kwanakin ba. Ina wanke kwano ina roƙo, ina zubar da fitsari ina roƙo. Ban roƙi komai ba sai a bar mini shi, ko da ba zai ƙara riƙe fartanya ba.

Ana haka aka kira ni daga gidanmu ana kuka. Ashe Baba ya ji labarin idon bai washe ba, ya ce laifin saiwar ne, ta kusa da gida ya haƙo, yarinya ce ba ta da ƙarfi. Ta gaske tana can cikin dajin yamma inda ubansa ke haƙowa, dajin da yanzu ko masu itace sun daina shiga saboda 'yan bindiga. Ya ɗauki 'yar sandarsa da magirbi ya fita bai gaya wa kowa ba, ga shi ya kwana bai dawo ba. Na zauna a baranda waya a hannu, mijina a ciki ubana a daji, na rasa wanda zan fara yi wa kuka. Sai washegari aka sake kira aka ce ya dawo, ƙafafunsa duk ƙaya, amma da saiwar a buhu.

Na san zai zo, kuma na san abin da zai zo da shi. Na yi ta shirya maganar da zan gaya masa a waje kafin ya shiga. Amma ranar da ya iso na shiga wanke fo, ina fitowa na hango shi tsaye a bakin gadon, ya rame, ya yi baƙi, gora a hammata.

Malam yana jin muryar surukinsa ya yunƙura zai sauko ya durƙusa. Mutumin da sai an tallafe shi yake juyawa. Igiyar ruwan ta fizge, jini ya biyo hannunsa, na ruga na danne shi a kan gadon.

Baba ya ce, "Kwanta abinka Iliya, kwanta. Wannan karon na samo ta gaske."

Ya ciro kofinsa daga aljihu, ya tsiyaya. Ruwan ya fito jawur, warinsa ya bugi hancina, warin da na sani tun ina yarinya. Ya yi bismillah ya kurɓa, ya haɗiye, ya miƙa. Malam ya ɗago hannuwa biyu ya karɓa.

Na sa hannu na karɓe kofin.

Na ce, "Baba, ba zai sha ba."

 Masu jinya da masu dubiya duk suka juyo. Baba ya dube ni kamar bai ji ba.

Ya ce, "Mi kika ce?"

"Likita ya ce hantarsa ba za ta ɗauka ba. Ya ce ko kurɓi ɗaya."

"Ba ki ga na sha ba?"

"Na gani, Baba."

"To ni zan kashe maki miji? Ni da na ba shi ke?"

Malam ya ce, "Hajara, ba ni. Baba ne fa." Muryarsa ko fita ba ta yi sosai. "Don Allah ki ba ni, kada ki sa ni jin kunya."

Ina tsaye da kofi a hannu. In na miƙa wa Malam zai shanye. In na zubar, na zubar da abin da tsohon nan ya sayar da ransa ya samo, a gaban mutane. In na mayar masa, na ce masa guba ya kawo ke nan. Kuma wani ɓangare na zuciyata yana ta ce mini, in fa wannan ce za ta tashe shi? In fa likitan ne bai sani ba? Ban san lokacin da na kafa kai na shanye ba. Ɗacin ya tsaya mini a maƙogwaro, hawaye suka zubo.

Na ce, "Ka gani Baba, ban ce da cuta a ciki ba. Amma shi ba zai sha ba."

Baba ya ce, "Ke ai ba ki da shawara."

Ya karɓi kofinsa ya kakkaɓe, ya rufe gorar, ya mayar hammata. Ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Iliya." Ni bai dube ni ba. Na bi shi har ƙofar asibiti ina kira, bai waiwayo ba, ya tsayar da mai babur ya hau. Da na dawo na tarar Malam ya juya fuskarsa bango. Na taɓa kafaɗarsa. Ya ce, "Kin ba ni kunya, Hajara." Bai ƙara yi mini magana ba ranar.

Ban san cewa wannan ce magana ta ƙarshe da zai yi mini cikin cikakken hankalinsa ba. Daga nan sai barci, a tashe shi ya buɗe ido ya koma. In ya farka sai sambatu, yana kora shanu, yana ce wa Lawal a rufe audugar hadari ya taso. Fitsari ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Ina zaune ina kallon ledar da aka maƙala masa, ina jiran ɗigo kamar mai jiran ruwan sama. Likita ya kira mu ya ce ƙoda ma ta fara gazawa, nan ba su da na'urar wankinta, mu wuce Zariya da gaggawa. Lawal ya sayar da ɗaya daga shanun huɗa a ranar, a yadda mai saye ya ga dama.

Muka ɗauki shatar mota da hantsi. Kan Malam a cinyata, Lawal a gaba ya juyo yana riƙe da ledar ruwa. Ina ta ce wa direba ya ƙara wuta, in motar ta faɗa rami kuma in ce ya yi a hankali. Mun kusa Giwa Malam ya buɗe ido, ya dube ni sosai.

Ya ce, "Baba ya isa gida lafiya?"

Na ce, "Ya isa, Malam."

"A kira shi a ba shi haƙuri."

Na ce za a kira. Na fara laƙƙana masa kalmar shahada, na ga leɓɓansa suna motsi, suna bina. Sai suka daina. Direba ya gangara gefen hanya ƙarƙashin wata bishiya, ya sauko ya duba, ya yi salati. Ya juya kan motar muka koma inda muka fito.

A zaman makoki magana ta rabu biyu, kuma duk ta iso kunnena. Wasu suna cewa an dai faɗa, mai shawara ba ya allura. Wasu suna cewa uban matar ya kawo magani tun daga daji, ita ta hana. Babu wanda ya ambaci makonnin da muka yi a gida da rubabbiyar ƙafa muna jiran a gama auduga. Inna ba ta taɓa cewa da ni komai ba, sai dai in na gaishe ta ta amsa tana kallon ƙasa.

To ga abin da nake roƙonku. In tushiya ko ƙusa ta soki mutum, ciwon ya fara kumburi da zazzaɓi, ku bar gonar nan ku kai shi. In idon majinyaci ya juya yana kwance a asibiti, ku tambayi likita me ya juya shi kafin ku sa masa suna. In kuma kuna da maganin da kuka yarda da shi, ku nuna wa likitan, kada ku tsaya a kan mara lafiya sai ya sha. Akwai mutanen da za su gwammace su mutu da su mayar muku da kofi. Ku kawo masa addu'a da sabulu, ko ku karɓi mai jinya ta samu ta runtsa.

Baba ya zo jana'iza, ya tsaya cikin maza ya koma bai shigo ba. Na kira shi in isar da saƙon Malam, wayar tana ta ringi ba a ɗauka. Sai da takabata ta yi nisa, wata rana da yamma, na ji sallamarsa a tsakar gida. Aka shimfiɗa masa tabarma ya ƙi, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar ɗakina. Na gaishe shi daga ciki. Na ce, "Baba, Malam ya ce a ba ka haƙuri. Da ita ya cika."

 Ina jin numfashinsa.

Can ya ce, "Ɗiyata, tambaya ɗaya na zo yi, ki gaya mani gaskiya. Maganin da ya sha ne ya ɗauke shi, ko wanda kika hana shi?"

Na buɗe baki zan ce kwanansa ne ya ƙare, kamar yadda kowa ke faɗa, kuma gaskiya ne. Amma ya san wannan tun kafin ya taso daga Dayi, ba ita ya zo ji ba.

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Likitan ma ya ce bai sani ba."

Ya gyaɗa kai, ya yi ta gyaɗawa. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a ƙirji ya ce, "To ni ina zan kai wannan?"

 Na fito na zauna kusa da shi a ƙasa, muka yi ta kuka mu biyu.